Tambaya da Amsa: Idan Sabon Alkawari Ya Zo, Ina Makomar Tsohon?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukansu sun taru a kan magana guda, wato yadda marubutan Kirista na farko suka riƙi littattafan Yahudawa. Ta farko ta fi cin wuri, domin a kanta sauran biyun suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni Musulmi ne, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, maƙwabcin rumfata kuwa Kirista ne, kuma mun fi shekara goma muna zaman mutunci. Rannan na ɗauki littafinsu na Hausa da ya ajiye a kan benci, sai na ga an raba shi gida biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Na tambaye shi wane ne ya ɗauki alkawarin, kuma me ya tsufar da na farkon, sai ya ce shi ma haka ya taso ya tarar. Don Allah a warware mana: tun da sabo ya zo, me ya hana su ajiye tsohon? Daga wani ɗan kasuwa, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara muku zumunci kai da maƙwabcinka. Tambayarka ita ce ainihin tambayar da ta hana shugabannin Kirista barci a ƙarni na 2 na Miladiyya, saboda haka sai mun ɗan yi nisa kafin mu kai gare ta.

Mu fara da kalmar kanta. Abin da aka fassara da "alkawari" shi ne berit a Ibrananci, kuma ya fi nauyin abin da kai da ni muke nufi idan muka ce wa mai bin mu bashi "na yi alkawari zan biya ran Juma'a". Ya fi kusa da ɗaurin aure, inda waliyyi da wakili suke zama gaban shaidu, a ambaci sadaki, a raba goro, mutanen da da safe ba abin da ya haɗa su su tashi sun zama surukai. Ibraniyawa ba su cewa an ɗauki berit, cewa suke yi an yanka shi, kuma sura ta 15 ta littafin Farawa ta nuna dalili. An umarci Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, da kurciya da ɗan tattabara. Ya tsaga dabbobin biyu biyu, ya jera kowane ɓari daura da ɗan'uwansa, ya zauna yana korar tsuntsayen da suke saukowa a kan naman har rana ta faɗi. Da duhu ya yi, sai tukunya mai hayaƙi da harshen wuta suka ratsa ta tsakanin ɓarin. Ma'anar wannan al'ada tana cikin sura ta 34 ta littafin Annabi Irmiya: wanda ya ratsa tsakanin yankakkiyar dabba ya yarda ke nan a mai da shi kamarta idan ya ci amana. Abin lura a labarin Ibrahim shi ne, ba shi ne ya ratsa ba.

Irin wannan ɗauri ya maimaitu a littattafansu. Akwai na Nuhu, wanda alamarsa bakan gizo ce, akwai na Ibrahim, wanda alamarsa kaciya ce, akwai kuma na Dawuda, da aka ce sarauta ba za ta fita daga gidansa ba. Amma wanda ya fi shiga bakin Kiristocin farko shi ne na Dutsen Sina'i. A sura ta 24 ta littafin Fitowa, Musa ya zuba rabin jinin hadaya a kan bagade, wato wurin da ake miƙa hadaya, ya karanta wa jama'a sharuɗɗan, suka amsa cewa sun ji sun yarda, sannan ya yayyafa musu sauran jinin yana cewa wannan shi ne jinin alkawari.

Maganar sabon alkawari kuwa ba Kirista ne suka ƙaga ta ba, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Irmiya ne ya faɗe ta, a zamanin da Babila ta rusa Urushalima wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, lokacin da jama'arsa suke ganin kamar duk ɗaurin da ke tsakaninsu da Allah ya tsinke. A sura ta 31 ya ce kwanaki suna zuwa da za a ƙulla sabon alkawari da gidan Isra'ila da gidan Yahuza, a rubuta shari'a a zukatansu, a daina tuna zunubansu. Tun kafin haihuwar Yesu ma akwai wata ƙungiyar Yahudawa da ta kira kanta masu shiga sabon alkawari, kamar yadda ya bayyana a rubuce-rubucen da aka fara ganowa kusa da Tekun Gishiri a 1947. To, da mabiyan Yesu suka ba da labarin jibinsa na ƙarshe da almajiransa, sai suka haɗa Musa da Irmiya a cikin ƙoƙo ɗaya: Markus marubucin Linjila ya kawo lafazin "jinina na alkawari", wanda yake amsa amon Fitowa, Luka marubucin Linjila da Manzo Bulus kuwa suka kawo "sabon alkawari a cikin jinina", wanda yake amsa amon Irmiya.

A nan ya kamata ka riƙe abu guda, ɗan'uwa. A shekarun farko Kirista ba su da wani littafi mai tsarki in ban da na Yahudawa. Wasiƙun Bulus, waɗanda su ne rubutun Kirista mafi daɗewa da ke hannu, sun fara fitowa ne wajen shekara ta 50, kuma duk inda ya ce "a rubuce yake", Attaura da Annabawa da Zabura yake nufi. Sunan da ka gani a littafin maƙwabcinka daga baya ya zauna. Bulus ya taɓa ambaton karatun "tsohon alkawari" a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, sannan wajen shekara ta 170 Melito, bishop na Sardis a ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi tattaki zuwa gabas don ya tantance abin da ya kira littattafan tsohon alkawari, ya jera sunayensu. Da Girkanci kalmar ita ce diatheke, wadda a bakin talakawa take nufin wasiyya, daga nan ta shiga Latin ta zama testamentum, ita ce kuma ta haifi Testament da muke gani a littattafan Faransanci a nan Kamaru da Cadi. A ganina masu fassara zuwa Hausa, waɗanda cikakken aikinsu ya fara fitowa a 1932, sun fi kusa da asali da suka zaɓi alkawari maimakon wasiyya.

Yanzu ga tambayarka: me ya hana su ajiye tsohon? An sami wanda ya gwada. Sunansa Markiyon, attajiri ne mai jiragen ruwa daga Sinope a gaɓar Baƙin Teku, kuma ya koyar da cewa Allahn da ya yi magana da Musa daban yake da Uban da Yesu ya bayyana. Ya watsar da littattafan Yahudawa kakaf, ya riƙe Linjilar Luka da ya tace da wasiƙun Bulus guda 10. Ikilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144, ta kuma mayar masa da maƙudan kuɗin da ya ba ta kyauta. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta littattafai 5 yana mayar masa da martani. Hujjar waɗanda suka ƙi Markiyon ba ta da wuyar ganewa: idan aka cire Ibrahim da Musa da Dawuda, kalmomi irin su Almasihu da hadaya da fansa ba su da sauran inda za su tsaya, kuma Allahn da ya halicci duniya ya zama baƙo ga Allahn da ya cece ta.

Sai dai ƙin Markiyon bai sa bakin Kirista ya zo ɗaya ba. Wani rubutu da ake kira Wasiƙar Barnaba, wanda aka yi tsakanin shekara ta 70 da ta 135, ya riƙe littattafan amma ya ƙwace su daga hannun masu su: ya ce Isra'ila ta rasa alkawarin tun ranar da Musa ya farfasa allunan dutse saboda ɗan maraƙin zinariya. Ireniyus na birnin Liyon a Faransa, wajen shekara ta 180, ya bi wata hanya, ya ce Allah ɗaya ne yake renon 'yan Adam mataki mataki ta alkawura daban daban, kamar yadda ake yaye yaro daga nono zuwa tuwo. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, wadda ta kwafo dogon nassin nan na Irmiya gaba ɗaya a sura ta 8, ta ce da aka kira wani sabo, an mai da na farko tsoho ke nan. Bulus kuma, a sura ta 11 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya kawo misalin da duk mai lambu a bakin Binuwai zai gane, domin irin auren da muke yi wa mangwaro ne: ya ce al'umman da ba Yahudawa ba reshen zaitun na jeji ne da aka ɗaura a jikin zaitun na gida, wato Isra'ila, ya gargaɗe su kada reshe ya yi wa saiwa fahariya, ya ƙara da cewa baiwar Allah da kiransa ba a janye su.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Waɗanda suka ce an soke Isra'ila an maye gurbinta sun wuce inda Bulus ya tsaya, kuma kalamai masu zafi irin na Barnaba, da na Melito kansa a wa'azinsa na Idin Ƙetarewa, sun zama makami a hannun waɗanda suka zalunci Yahudawa ƙarni bayan ƙarni. Cocin Katolika ta koma ga wannan sura ta Romawa a 1965 lokacin da ta sake duba matsayinta game da Yahudawa. Ka nuna wa maƙwabcinka surar, ku karanta tare idan kasuwa ta lafa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Injamena. Na lura Matiyu ya ce komowar Yesu daga Masar yana jariri cikar annabcin Yusha'u ne, amma da na buɗe Yusha'u sura ta 11 sai na tarar da Isra'ila ake magana, kuma a kan abin da ya riga ya wuce. Haka kuma wasu ayoyin da aka ɗauko ba su yi daidai da yadda suke a Tsohon Alkawari ba. Shin wannan ba murɗe nassi ba ne? Daga wani ɗalibi, Injamena.

Amsa: Ɗana, ka yi karatu da idon basira, kuma abin da ka gani gaskiya ne. Matsaloli biyu ne ka haɗa, gara mu raba su.

Ta farko ita ce ta kwafin da ke hannunsu. Yawancin marubutan Sabon Alkawari da Girkanci suka yi rubutu, kuma galibi daga fassarar Girkanci suke ɗauko nassi, wadda Yahudawan Iskandariyya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ake kiranta Fassarar Saba'in saboda labarin da ke cewa dattawa 72 ne suka yi ta. Littafin da ke hannunka kuwa daga Ibrananci aka fassara Tsohon Alkawarinsa, shi ya sa kake ganin saɓani. Duba sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, inda Yakubu, jagoran Kiristocin Urushalima, ya kafa hujja da littafin Annabi Amos cewa sauran 'yan Adam za su nemi Ubangiji. A Ibrananci ayar tana maganar mallakar ragowar ƙasar Edom ne, kuma Edom da Adam kusan haruffansu ɗaya ne a rubutun da ba a sa masa wasali, abin da duk wanda ya saba da ajami zai fahimta nan take. Mafi shahara ita ce Ishaya 7:14, mai maganar macen da za ta yi ciki ta haifi ɗa, inda Ibrananci ya ce alma, wato matashiyar mace, Girkanci kuma ya ce parthenos, wato budurwa, Matiyu ya bi Girkancin. Wannan gardama ba ta yau ba ce. Yustin, wanda aka haifa a garin da yanzu ake kira Nabulus, aka kuma kashe shi a Roma wajen 165 saboda addininsa, ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tirifo, kuma a ciki Tirifo ya ce kalmar matashiya take nufi, yaron kuwa Sarki Hezekiya ne.

Malaman Kirista ba su kau da kai daga wannan ba. Orijin, malami daga Iskandariyya, ya jera nassin a layi 6, Ibrananci da fassarori daban daban gefe da gefe, don a ga inda suka rabu. Jerom ya zauna a Baitalami ya koma ga Ibranancin kansa, ya gama fassararsa ta Latin wajen shekara ta 405, kuma abin bai zo wa jama'a da sauƙi ba. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rubuta masa cewa a garin Oya, inda Tarabulus ta Libiya take yanzu, an karanta labarin Yunusa a sabuwar fassarar, sai jama'a suka ji tsiron da ya yi wa annabin inuwa ba duman da suka saba ji tun kakanninsu ba ne, an sauya shi da wata ciyawa mai yaɗo. Coci ta hargitse, har sai da bishop ɗin ya nemi shaidar Yahudawan garin, daga bisani ya mayar da tsohuwar kalmar don kada ya wayi gari ba mabiya. Kalma guda ce, kuma sunan tsiro ne kawai, amma ta nuna maka yadda talakawan Kirista na Afirka ta Arewa suka haddace littafin wani annabin Ibraniyawa har ba su yarda a taɓa shi ba.

Matsala ta biyu ita ce ta salon karatu, kuma ita ta shafi Yusha'u. Matiyu ya san da Isra'ila ake magana. Abin da yake faɗa shi ne, Yesu yana sake taka sawun jama'arsa: sun sauka Masar ya sauka, sun ratsa ruwa ya shiga Kogin Urdun, sun yi shekara 40 a jeji ya yi kwana 40, an ba su shari'a a kan dutse shi ma ya hau dutse ya koyar. A wurinsa cikar nassi ta haɗa da maimaituwar siffa, ba faɗin abin da zai faru kaɗai ba. Melito ya kwatanta wannan da ɗan ƙaramin samfuri na kakin zuma ko yumɓu ko itace da ake yi kafin a tayar da babban aiki. Agustin kuma ya taƙaita shi da cewa Sabon yana ɓoye a cikin Tsohon, Tsohon kuma yana bayyana a cikin Sabon. Malaman Yahudawa na wancan zamani su ma suna karanta tsohon nassi a kan abin da ke faruwa a kwanakinsu, saboda haka salon ba baƙo ba ne a wurinsu, inda aka kai shi ne suka ƙi.

Ko an taɓa wuce gona da iri? Ƙwarai kuwa. Wasiƙar Barnaba ta ɗauki barorin Ibrahim 318 ta yi musu lissafi irin na abjadi, ta ce 18 haruffan farko ne na sunan Yesu a Girkanci, 300 kuma harafi ne mai siffar gicciye, alhali Farawa da Ibrananci aka rubuta shi. Irin wannan ne ya sa malaman Antakiya suka ja linzami, har Tiyodor na Mofsuwestiya, wanda ya rasu a 428, ya ce Zabura 4 kaɗai, ta 2 da ta 8 da ta 45 da ta 110, suke magana kai tsaye a kan Almasihu. Shawarata gare ka ita ce, duk ayar da ka ga an ɗauko, ka fara karanta surar da ta fito daga ciki gaba ɗayanta ka ji abin da ta faɗa wa mutanen zamaninta, sannan ka dawo ka ga abin da marubucin Kirista ya gani a cikinta. Murɗiya ita ce a ɓoye ma'anar farko. Wanda ya bar ta a fili ya ce ya hango wata a bayanta, tafsiri yake yi, kana iya karɓa kana iya ƙi.

Tambaya: Malam, ina koyar da yara a makarantar Lahadi a Ngaundere. Sun tambaye ni me ya sa muke haddace Dokoki Goma amma ba mu kiyaye dokokin abinci na Musa, na rasa amsar da zan ba su. Daga wata malama, Ngaundere.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, yaranki sun taɓo rigimar farko da ta taso a cikin ikilisiya. Da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, wasu suka ce sai an yi musu kaciya sun ɗauki shari'ar Musa dukanta. Aka yi taro a Urushalima wajen shekara ta 49, kuma bisa ga Ayyukan Manzanni aka tsaya a kan abu 4: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Maƙwabtanki Musulmi za su ji wannan jeri bai yi musu nisa ba.

Hujjar Bulus daga tsarin labarin Ibrahim ya ciro ta. An lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci a sura ta 15 ta Farawa, kaciya ba ta zo ba sai a sura ta 17, shari'ar Musa kuwa, a lissafinsa cikin wasiƙar Galatiyawa, sai bayan shekara 430. Abin da ya zo daga baya, in ji shi, ba ya warware abin da aka riga aka ƙulla. Ki lura da wannan da kyau, domin a nan Bulus da alkawarin Ibrahim, wanda ya girmi na Musa, yake kāre matsayinsa. Wasiƙar Yakubu ta ɗauki ayar nan guda ta jaddada cewa bangaskiyar Ibrahim da aikinsa tare suka tafi. Daga baya ne malamai suka rarrabe dokokin hali, waɗanda suka ce suna nan daram, da dokokin hadaya da abinci da tsarki, waɗanda suka ce an ba Isra'ila ne domin zamaninta. Yustin da kansa ya yarda cewa Bayahuden da ya bi Yesu yana iya ci gaba da kiyaye shari'ar Musa, muddin bai tilasta wa wasu ba.

Ki kuma gaya wa yaran cewa ba ko'ina aka bi hanya ɗaya ba. A Habasha, inda Kiristanci ya zama addinin fada tun ƙarni na 4 a zamanin Sarki Ezana na Aksum, mabiya Cocin Orthodox har yau ba sa cin naman alade, suna yi wa 'ya'yansu maza kaciya, suna girmama Asabar tare da Lahadi, kuma a kowace coci akwai allon da suke kira tabot, mai wakiltar Akwatin Alkawari, wanda firistoci suke ɗaukowa a ka, a lulluɓe da ƙyalle mai ado, ranar bikin Timkat a watan Janairu.